Yawo A Dajin Fayin Na Amurka

A gabashin Amurka akwai wata jiha da a ke kira Niyu Jasi. A kudancinta akwai wani babban daji, faɗinsa ya fi eka miliyan 1. Yawancin itatuwansa fayin ne, wato itacen nan mai ganye siriri kamar allura. Wanda ya taɓa zuwa Jos ya ga danginsa da aka dasa can. A cikin dajin akwai wani tsohon ƙauye, sunansa Batsto, inda aka yi wa masu yawo hanyoyin ƙafa. Waɗansunsu kewaye su ke yi, su komo da mutum daidai inda ya tashi. Ba dutse, ba hawa, ko yaro ƙarami ya iya bi. To, bari mu bi ɗaya mu ga abin da za ta koya mana.

Da fita daga ƙauyen sai ka ji ƙafarka tana nutsewa cikin rairayi fari kamar sukari. Wuri duk a bushe ya ke, ga rana tana ratsowa ta tsakanin rassa. Ruwan sama ba ya kwanciya a nan, da ya zuba sai rairayi ya shanye. Saboda haka gobara ta kan tashi sau da yawa, amma ba ta kashe fayin. Ɓawonsa yana da kauri, in wuta ta wuce sai ya sake toho daga jikinsa. Waɗansu 'ya'yansa kuma a liƙe su ke da ƙaro, ba su buɗewa sai sun ji zafin wuta, sa'an nan iri ya zuba cikin toka ya tsiro.

In ka yi gaba kaɗan sai hanya ta gangara, ka ji sanyi ya buge ka, wuri ya yi duhu. Ka iso fadama ke nan. Itatuwan nan dabam su ke, sunansu sida. Dogaye ne, miƙaƙƙu, sun tsaya kusa da juna har rassansu sun rufe sama. Ƙarƙashinsu sai gansakuka mai laushi, ta jiƙe sharkaf, don haka a kan shimfiɗa gadar katako inda za a taka. Katakon sida ba ya ruɓewa da wuri, shi ya sa mutanen da su ke rufin ɗaki da shi, su ke sassaƙa jirgin ruwa.

Dubi ruwan fadamar. Ja ne kamar shayi, amma ba ƙazanta ba ce. Rini ne da ke fita daga ganye da saiwa, da kuma ƙarfen da ke cikin ƙasa. Tun 1766 aka fara narka tama a Batsto, har aka ƙera harsashin igwa a yaƙin neman 'yancin Amurka. A bakin ruwan kuma akwai wani tsiro mai ganye kamar ɗan tulu. In ƙwaro ya faɗa ciki ba ya fita, sai ya narke ya zama abincin tsiron.

Me ya sa daji biyu su ke zaune gefe da gefe, ɗaya busasshe, ɗaya jiƙaƙƙe? Amsa tana ƙarƙashin ƙafarka. Ruwan nan da rairayi ya shanye bai ɓace ba, yana can ƙasa ya taru, mai yawan gaske. Inda ƙasa ta yi tudu, ruwan yana nesa, sai fayin. Inda ta yi kwari sai ruwan ya ɓullo, kamar yadda mu ke tona rairayin gulbi da rani mu sami ruwa. Nan sida ke tsirowa.

Ruwan nan ya taɓa shiga hatsari. A 1876 wani attajiri, Joseph Wharton, ya sayi Batsto, ya kuma tara ƙasa mai yawa a dajin, yana nufin ya ja ruwan zuwa birnin Filadalfiya. Sai hukumar Niyu Jasi ta yi doka ta hana fitar da ruwa daga jihar. A 1978 kuma majalisar Amurka ta sa dajin cikin wuraren da a ke tsarewa. Da an janye ruwan, da fadamu sun ƙafe, sida ya mutu.

Mai bin hanyar nan sai ya kiyaye abu uku. Ya bi alamar fenti da aka shafa a jikin itatuwa, gama dajin duk kama ɗaya ne, wanda ya ratse ya ɓata. Kada ya hura wuta, kada kuma ya zubar da ƙazanta, don abin da aka zuba bisa rairayi ruwan ƙasa zai tarar. In ya koma gida ya duba jikinsa, ko kaska ta maƙale masa.

Ga rufin Batsto can ya bayyana. Mun komo inda muka tashi.