Attajirin da Ya Tsara wa Afisa Jerin Gwanonta

A shekara ta 104 Miladiyya, zamanin Sarkin Rum Trajan, wani attajiri mai suna Gaius Vibius Salutaris ya kafa waƙafi a Afisa, birnin Girkawa da ke gaɓar yammacin Turkiyya ta yau. Sharuɗɗansa sun kai layi 568, aka sassaƙa su a bangon babban dandalin wasan kwaikwayo na birnin. Ya ware dinari 20,000 da za a riƙa bayarwa bashi da ruwa kashi 9 cikin ɗari, a raba ribar, dinari 1,800, kowace shekara a ranar haihuwar gunkiyarsu Artemis. Ya kuma ba da mutum-mutumi 31 na zinariya da azurfa. Hujjar da ke cikin rubutun nan ta nuna cewa abin da mutumin ya saya da dukiyarsa shi ne ikon faɗa wa birni ko shi wane ne, da wanda ke gaba da wanda ke baya.

A dubi hanyar da ya shata. Ana ɗauko siffofin daga haikalin Artemis da ke bayan ganuwa, a shigo da su ta Ƙofar Magnesiya, inda samarin da birni ke horarwa suke tarbarsu. Daga nan a ratsa unguwar gine-ginen mulki, a gangara zuwa dandali, a jera su gaban jama'a, sannan a fita ta Ƙofar Koresos a koma haikali. Ba sau ɗaya a shekara ba: duk zaman majalisar jama'a da manyan bukukuwa sai an yi, har masanin tarihi Guy Rogers ya ƙiyasta kusan sau ɗaya a mako biyu. Cikin siffofin akwai Artemis, da ƙabilun birnin, da Sarki Lisimakus wanda ya sake gina shi, da majalisar dattawan Rum. Wanda ya san hawan salla ya san cewa jerin mahaya bayani ne na muƙami. Saurayin da ya raka siffofin nan shekara da shekaru ya haddace darasin da ƙafarsa: Rum tana da mazauni a tsakiyar tarihin Afisa. Ga shi kuwa Salutaris ɗan ajin manyan Rum ne da ake kira mahaya, ya yi wa daular aiki a Sisili da Arewacin Afirka.

Wani zai ce rabon kuɗin taimakon talakawa ne, me ya kawo zancen iko? Lissafin rabon bai goyi bayansa ba. 'Yan majalisar birni, su 450, kowa dinari guda yake samu, alhali su ne mawadata. Gama-garin 'yan gari kuwa sai ƙuri'a ta faɗo kan mutum, kuma rabonsa bai kai dinari ba. Babu inda aka ce a nemo mayunwaci. Rabon yana bin matsayi ne, kamar yadda jerin yake bi.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na masu cewa ibada ce tsakani da Allah a ganin mutumin, kuma birnin bai zauna baki buɗe ba. Wannan yana da gaskiya. Sai da majalisa da jama'a suka amince, gwamnan Rum ya tabbatar, kuma ba mu da dalilin shakkar cewa Salutaris yana girmama gunkiyarsa. Amma a duniyar Girkawa ibada da neman suna tafiyarsu ɗaya, ba a ɓoye ko ɗaya. Birnin ya sāka masa da kafa siffofinsa a haikali da wasu fitattun wurare. Ciniki ne da kowa ya ga ribarsa, sai dai mai kuɗi ne ya rubuta sharuɗɗa, har da tara: duk wanda ya taɓa tsarin zai biya dinari 25,000 ga Artemis, wasu 25,000 ga baitulmalin sarki. Shekara 20 bayan haka, a 124, wani attajiri Demosthenes ya yi makamancin wannan a garin Oinoanda, ya ƙayyade shanun hadayar da ƙauyuka za su kawo, bikin kuma aka laƙaba masa sunansa, Sarki Hadrian ya sa hannu.