Le Capitole: jan jirgin ƙasan da ya fara gudun kilomita 200 a Faransa

Idan ana maganar jirgin ƙasa mai gudu a Faransa, TGV ne ke fara zuwa a ran mutane. Amma shekara 14 kafin TGV ya fara aiki a 1981, akwai wani jirgi da ya riga shi ɗaukar fasinjoji a gudun kilomita 200 cikin awa ɗaya. Sunansa Le Capitole, sunan da aka ɗauko daga babban ginin magajin garin Toulouse.

Kamfanin jiragen ƙasa na Faransa, SNCF, ya ƙaddamar da shi a watan Nuwamban 1960. Yana tashi daga tashar Austerlitz a birnin Paris, ya bi ta Limoges, Brive, Cahors da Montauban, ya ƙare a Toulouse, tafiyar kilomita 713. A farko awa bakwai yake yi, kuma babu kujera a cikinsa sai ta masu tikitin aji na ɗaya, galibi 'yan kasuwa da manyan ma'aikata.

Faransawa sun daɗe da sanin cewa jirgi zai iya gudu fiye da haka. A watan Maris na 1955 sun gwada kawunan jirgi biyu masu aiki da lantarki a yankin Landes, aka kafa tarihin gudun kilomita 331 a awa. Sai dai gwaji daban, ɗaukar mutane kullum daban. Abin da ya zaburar da su shi ne Japan, wadda ta buɗe layin Shinkansen tsakanin Tokyo da Osaka a 1964.

Japan sabon layin dogo ta shimfiɗa. Faransa kuwa ta zaɓi ta gyara wanda take da shi. Tsakanin Orléans da Vierzon ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, layin kuma miƙaƙƙe, don haka nan aka ƙarfafa dogo da wayoyin lantarki. An kuma sa na'urar da ke nuna wa direba alamomin hanya a cikin ɗakinsa, domin a irin wannan gudu jirgi na bukatar doguwar tazara kafin ya tsaya. Ranar 28 ga Mayun 1967, Le Capitole ya zama jirgi na farko a Turai da ke gudun kilomita 200 a jadawalinsa na yau da kullum. An shafe kawunan jirgin, samfurin BB 9200, da taragunsa da jan fenti, tafiyar kuma ta koma awa shida.

Gudun nan a wani ɗan yanki ne kawai. Daga Limoges zuwa kudu tsaunuka ne da kwana-kwana, dole jirgi ya sassauta. Duk da haka ya samu karɓuwa har aka mai da shi biyu, na safe da na yamma, kuma a 1970 ya shiga jerin manyan jiragen Turai na Trans-Europ-Express.

Ci gaban da ya share wa hanya shi ya ci shi. A 1990 aka buɗe sabon layin TGV mai nufar kudu maso yamma, sai zuwa Toulouse ta Bordeaux ya fi sauri, ko da yake hanyar ta fi tsawo. Fasinjoji suka koma can, kuma a 1991 Le Capitole ya daina aiki.

Toulouse ba ta yi asara ba, yau awa huɗu da 'yan mintoci ke tsakaninta da Paris. Garuruwan tsakiya ne aka bari a baya. A zamanin Le Capitole mutumin Limoges kan isa Paris cikin ƙasa da awa uku, yanzu sai ya haura uku. Shirin haɗa Limoges da layin TGV ta Poitiers ma ya wargaje, bayan da babbar kotun harkokin mulki ta Faransa ta soke izininsa a 2016. Shi ya sa har yau, duk lokacin da mazauna yankin suka fito neman a gyara musu tsohon layin, sunan jan jirgin nan ba ya barin bakinsu.