FARAUTAR DA BA A KOMOWA DA NAMA

Da za a tari wani maharbi na ƙasarmu a ce masa akwai waɗansu mutane da ke fita farauta tun tsakar dare, su yini cikin daji da fadama ba barci ba hutawa, sa'an nan su komo gida ba su riƙe da kome sai 'yar takarda, amma duk da haka a tarye su da tafi, a ba su kofi, har a zuba kuɗi masu yawa saboda su, lalle zai ce ba'a ake yi masa. To, ba ba'a ba ce. Abin yana faruwa kowace shekara a ƙasar Amurka, mun kuwa ga ya kamata mu ba masu karatunmu labarinsa.

Inda ake yin wannan abu shi ne Jihar Niyu Jazi, wadda ke bakin Tekun Atlantika, daura da birnin Niyu Yok. Ƙaramar jiha ce, da kaɗan ta ɗara Jihar Kano faɗi, ga ta kuwa cike maƙil da mutane da masana'antu. Amma ta zauna daidai bisa hanyar da tsuntsaye masu ƙaura ke bi. Idan watan Mayu ya kama, sai tsuntsayen da suka guje wa sanyin hunturu suka tafi kudu su riƙa komowa arewa don su yi ƙwai, su yada zango cikin dazuzzukanta da fadamunta da bakin gaɓarta. A wannan lokaci ne, ran wata Asabar, Ƙungiyar Audubon ta jihar take shirya gasar da suke kira World Series of Birding.

Ƙa'idar gasar ba ta da wuyar ganewa. Mutane su haɗu rukuni rukuni, kamar mutum uku ko huɗu ko biyar. Daga ƙarfe 12 na dare zuwa ƙarfe 12 na daren da ke biye, watau awa 24 cif, kowane rukuni ya yi ƙoƙari ya ga ko ya ji irin tsuntsaye daban daban iyakar iyawarsa, ba tare da ya ƙetare iyakar jihar ba. Iri ake ƙidayawa, ba yawa ba. Wanda ya ga hankaka dubu, abu ɗaya ya gani. Wanda ya ga hankaka ɗaya da mujiya ɗaya da shaho ɗaya, ya sami uku. Rukunin da ya fi yawan iri shi ya ci.

ASALIN ABIN

Amurkawa ba da haka suka fara ba. A ƙarni na 19 akwai wata al'ada a waɗansu garuruwansu, ran Kirsimeti maza su rabu gida biyu, su ɗauki bindigogi su shiga daji, duk abin da ke da fiffike ko gashi su harbe. Da yamma a tara, ɓangaren da tulinsa ya fi tsawo shi ya yi nasara. A shekarar 1900 wani masanin tsuntsaye na gidan adana kayan tarihin halitta na Niyu Yok, mai suna Frank Chapman, ya kawo shawara a jaridar da yake bugawa cewa maimakon a kashe, a ƙidaya. Mutum 27 kaɗai suka amsa kiransa a waccan shekara, suka yi ƙidaya a wurare 25, suka sami iri wajen 90. Har yau ba a daina wannan ƙidaya ta Kirsimeti ba.

Chapman yana da hujjar jin tsoro. A zamaninsa ne wata irin kurciyar daji ta Amurka, wadda a da garkenta kan rufe rana idan ya taso, ta ƙare ƙaf saboda harbi da saran daji. Ta ƙarshe a duniya ta mutu cikin keji a gidan namun daji na birnin Cincinnati ran 1 ga Satumba, 1914.

Gasar Niyu Jazi kuwa sai a 1984 aka fara ta. Wani ma'aikacin Ƙungiyar Audubon mai suna Pete Dunne shi ya ƙago ta. A lokacin ba wanda ya taɓa samun iri 200 cikin yini ɗaya a jihar. Dunne ya sami goyon bayan wani dattijo, Roger Tory Peterson, wanda littafinsa na gane tsuntsaye, da aka buga a 1934, ya koya wa Amurkawa da yawa wannan sha'ani. Dattijon yana da shekara 75, amma ya shiga mota tare da samari, aka kwana aka yini da shi. Rukuni 13 suka fita a ran nan. Na su Peterson ya komo da iri 201.

YADDA AKE KWANA A YINI

Kada mai karatu ya zaci yawon shan iska ne. Masu neman kofi da gaske sukan shafe kwanaki kafin ranar suna bin lungu lungu, suna lura da inda kowane tsuntsu ya yi sheƙa, da itacen da yake hawa ya yi kuka, da sa'ar da yake yi. Sa'an nan su zauna su tsara tafiyarsu minti minti, kamar yadda ake tsara tafiyar jirgin ƙasa.

Sa'ad da sha biyun dare ta buga, galibi suna tsaye a bakin wata fadama ta arewacin jihar, cikin duhu da sauro, sun yi tsit suna sauraron mujiya da kajin ruwa masu kukan dare. Kafin alfijir sun isa dazuzzukan kan tudu, domin da asuba ne ƙananan tsuntsaye ke tashi da kuka gaba ɗaya, kuma cikin sa'a guda gwani yana iya samun iri da yawa ba tare da ya ɗaga madubin hangen nesa ba. Nan ne gwaninta take. Mu a nan yaro ma ya san kukan kurciya daga na hasbiya. To, a ƙaddara mutumin da ya haddace kuka ɗari biyu ko fiye, har yana iya tsamo guda daga cikin hayaniyar goma, yana cikin mota tana tafiya. Da hantsi sai su miƙa kudu, su bi bakin teku don zalɓe da agwagin ruwa da tsuntsayen gaɓa, har dare ya same su a Cape May, can ƙarshen kudancin jihar, inda bisa al'ada ake rufe gasar. Kafin nan sun ci mil ɗaruruwa.

Abin da ya fi ba mu mamaki cikin sha'anin duka shi ne babu alƙalin wasa a cikin motar. Maharbi idan ya ce ya kashe barewa, sai a ce ina fatar. Wannan kuwa ba shi da fata ba shi da fiffike, maganarsa ce kurum. An dai sa waɗansu dokoki. Dole 'yan rukuni su kasance tare, kuma kashi 95 cikin 100 na abin da suka rubuta sai kowa a cikinsu ya gani ko ya ji da kansa. Idan sun rubuta tsuntsun da ba a saba gani a jihar ba, sai sun yi bayaninsa. Bayan wannan, amana ce. Masu wannan sha'ani sun san juna, wanda aka taɓa kamawa da ƙarin gishiri kuwa ba a sake ɗaukar maganarsa da nauyi, ko da daga baya gaskiya ya faɗa. A ganinmu wannan hukunci ya fi tara zafi.

INDA KUƊIN KE FITOWA

Tun kafin ranar, kowane rukuni yakan bi 'yan'uwa da abokai da kamfanoni yana neman alkawari. Ba cewa ake a ba da sadaka kurum ba. Cewa ake, nawa za ka bayar a kan kowane iri da muka samu? Ga misali. A ce mutum ya yi alkawarin dala 1 a kan kowane iri, rukunin kuwa ya sami 200, to, ya ci bashin dala 200 ke nan. In masu irin wannan alkawari sun kai 100, an tara dala 20,000 daga mota ɗaya. Saboda haka idan aka ga mutum ya tsaya ƙarfe 11 na dare, idonsa ya yi ja don barci, yana jiran wata mujiya ta yi kuka, ba don kofi kaɗai yake yi ba. Kukan nan kuɗi ne. Kowane rukuni shi ke zaɓen ƙungiyar kiyaye halitta da zai miƙa wa abin da ya tara, kuma tun daga 1984 an tara miliyoyin daloli ta wannan hanya.

Mai karatu yana iya tambaya, me ya yi zafi har ake wannan wahala? A 2019 waɗansu masana suka buga sakamakon bincike wanda ya nuna Amurka da Kanada sun yi asarar tsuntsaye kusan biliyan 3 tun daga 1970, watau fiye da ɗaya cikin kowane huɗu. Amma adadi mai girma haka ba ya shiga zuciya. Gara mu ɗauki tsuntsu ɗaya.

Akwai wani ɗan tsuntsun gaɓa mai jan ƙirji, bai kai kurciya girma ba, Turawa na ce masa red knot. Waɗansunsu sukan taso daga can ƙarshen kudancin Ajantina su nufi arewacin Kanada, tafiyar mil wajen 9,000. A tsakiyar hanya suna sauka a gaɓar Delaware, wadda ke yamma da Cape May, a rame, daidai lokacin da wata halittar ruwa mai kama da ƙaguwa, mai ƙoƙon baya kamar kofaton doki, take fitowa ta zuba ƙwai cikin rairayi. Ƙwan nan suke ci kamar mako biyu, har nauyinsu ya kusa ninkawa, sa'an nan su iya ƙarasa tafiya. A shekarun 1990 masunta suka shiga kwasar wannan ƙaguwa da yawan gaske don yin tarko da ita. Ƙwai ya yi ƙaranci, tsuntsayen suka riƙa tashi da yunwa, yawansu ya faɗi ƙwarai. Ƙungiyoyin kiyaye halitta, har da ta Audubon, suka yi ta ƙidaya suna kai kuka, har a 2008 Jihar Niyu Jazi ta kafa dokar hana kamun ƙaguwar. Masunta ba su ji daɗi ba, gama abincinsu ne aka taɓa, kuma ba mu ga laifinsu da suka yi gunaguni ba. Irin wannan aiki na ƙidaya da kai ƙara da sayen fili a killace shi yana cin kuɗi, ba kuwa kullum gwamnati ke biya ba.

Ba a rasa masu sukar gasar. Suna cewa wane irin son tsuntsu ne wannan, mutum ya ƙona mai na tafiyar mil ɗaruruwa, ya dubi tsuntsu na daƙiƙa biyu ya ruga mota? Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, masu shirya gasar ma sun ji ta. An buɗe sashe na waɗanda ba su hawa mota, sai keke ko ƙafa ko kwalekwale, da sashe na masu tsayawa cikin gunduma ɗaya, da na masu zama wuri guda su jira abin da ya gifta. Akwai kuma sashen 'yan makaranta.

Dabarar ta bazu. Tun 2014 aka fara irinta a Eilat, a kudancin Isra'ila, inda tsuntsayen Turai da Asiya ke ratsawa a kan hanyarsu ta komowa daga Afirka, aka riƙa ba da kuɗin don yaƙi da kashe su ba bisa doka ba.

Mu ma hanyar ta biyo ta ƙofarmu. Ƙasar nan tana da tsuntsaye fiye da iri 900. Kowace shekara da kaka agwagi da tsuntsayen gaɓa sukan ƙetaro Sahara daga Turai su sauka a fadamun Haɗeja da Nguru, su yi hunturu tare da ɗinya da kirinjijiya, musamman a wajen Dagona. Waɗannan fadamu sun ragu tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, gama ambaliyar da ke cika su ba ta zuwa kamar da. A kusa da Jos, a dajin Amurum, akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis, inda ake horar da samarinmu da 'yan matanmu wannan ilmi, waɗansunsu kuwa suna bin ƙasar nan yanki yanki da madubin hangen nesa, suna rubuta irin tsuntsun da suka tarar a kowane wuri.