Daga Makuba Zuwa Man Kariya: Tsare Daɓen Tayil A Dutse

Tun daga ranar 27 ga watan Agusta, 1991, da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa aka mai da Dutse hedkwatarta, gini bai tsaya ba a gindin duwatsun nan. Kafa Jami'ar Tarayya a 2011 ya ƙara wa abin ƙarfi. Yau da wuya ka shiga sabon gidan ma'aikaci ka tarar da daɓen siminti tsura. Kowa tayil yake shimfiɗawa, sau da yawa da kuɗin rance ko na sallama. Amma kafin damina biyu ta wuce sai ka ga layukan da ke tsakanin tayil sun yi baƙi, wani ma ya ɗago. Nan take maigida zai ce mai aiki ya cuce shi. Wani lokaci haka ne, amma galibi akwai aiki na ƙarshe da ba a yi ba, watau toshe hanyar ruwa.

Abin mamaki shi ne kakanninmu sun san wannan aiki sarai. Idan mata suka taru daɓe, bayan sun baza tsakuwa sun bi ta da madaɓi, ba su cewa an gama sai sun yayyafa ruwan makuba, wanda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko kuma jiƙon bagaruwa. Shi ke ɗaure ƙasar, ya ba ta duhu da sheƙi, ya rage mata shan ruwa. Magina kuma suna da laso, haɗin katsin marina da dafara, wanda suke shafe soro da shi. Sun kuma san cewa shafin ba na har abada ba ne, ana sabunta shi. Wannan sani ne muka bari a baya da muka koma tayil.

To, ina ruwan yake shiga? Ya kamata mai karatu ya lura, tayil iri-iri ne. Wanda aka gasa aka yi wa fuska mai ƙyalli kamar tangaran ba ya shan ruwa ta sama. Nau'in da ake kira fosilin, abin da yake sha bai wuce rabin kashi ɗaya cikin 100 na nauyinsa ba. Shafa wa irin waɗannan man kariya ɓarnar kuɗi ce, sai dai ya bushe a sama ya bar dusashe, ko da mai kanti ya rantse maka. Inda rauni yake shi ne farin simintin da ake cike tsakaninsu da shi, domin cike yake da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan manja da zoɓo da ruwan wanki ke nutsewa, ƙurar hunturu kuma ta zauna. Haka nan mabul da tarazo da tayil ɗin jar ƙasa marar ƙyalli, su jikinsu duka ke sha.

Gwajin ba ya bukatar ko kwabo. Ɗiga ruwa kaɗan a wurin, ka jira kamar minti 10. In ya tsaya kamar raɓa a kan ganye, babu damuwa. In wurin ya yi duhu, yana bukatar shafi.

Man kariya iri biyu ne. Akwai mai kwanciya a sama ya ba da sheƙi, wanda takalmi da yashi ke kankarewa, yana kuma iya jawo santsi a banɗaki. Akwai mai nutsewa cikin ƙofofin ba tare da sauya kamannin daɓe ba, kuma a ganina shi ya fi dacewa da gari mai rairayi irin namu. A bar sabon cike ya bushe aƙalla kwana 2 zuwa 3, a wanke, a bari ya sake bushewa ƙarau, sa'an nan a bi layukan da ƙaramin buroshi, a goge abin da ya hau fuskar tayil kafin ya daskare. Hunturu ya fi damina dacewa da wannan aiki, in dai an rufe tagogi saboda ƙura.

Har wa yau akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a gidaje da ofisoshi, ta wanke daɓe da ruwan asid don ya yi fari. Fari kam zai yi, domin asid ɗin ya cinye saman simintin ne, ya bar ƙofofin a buɗe fiye da dā. A kan mabul kuwa, wanda asalinsa dutsen farar ƙasa ne, ko ruwan lemun tsami yana barin tabo. Sabulu marar ƙarfi da ruwa sun wadatar.

Sai dai fa idan farin gari kamar kanwa yana fitowa daga layukan, wannan damshi ne ke tasowa daga ƙarƙashi ɗauke da gishiri. Shafi a kai ba zai yi magani ba. Sai a fara duba bututun da ke yoyo, da inda indararo ke zubar da ruwa a gindin bango.