Ɗalibi da malaminsa a jami'a

Yaron da ya soma karatu a Dogo, in ya ƙare firamare sai koleji, daga nan sai lise. Idan ya ci jarrabawar bak, zai iya shiga jami'a. Da can sai ya tafi Yamai, tafiyar kilomita kusan 900. Tun shekarar 2010 akwai jami'a a nan Damagaram. Yanzu tana ɗauke da sunan Andere Salifu, masanin tarihi ɗan garin.

A shekarar farko ɗalibai suna da yawa ƙwarai. Suna cika wani babban zaure, malami yana bayani, kowa yana rubutu. Malamin bai san sunayensu ba. Wanda ya yi lalaci babu mai binsa da bulala, sai ranar jarrabawa ya ga sakamako. Wasu a nan suke tsayawa.

Bayan shekara 3 ana samun lisansi. Daga nan akan zaɓi waɗanda suka fi ƙwazo, su yi shekara 2 ta masta. A nan zama yake canzawa. Su kaɗan ne, malami ya san kowa. Kowane ɗalibi yana ɗaukar tambaya guda, misali: me ya sa wani tabki yake ƙafewa? Ya je ƙauye, ya auna, ya tambayi manoma, ya rubuta. Malami ya karanta, ya ja jan biro, ya ce a sake. Wani shafi sai an sake shi sau uku!

A ƙarshe ɗalibin yana tsayawa gaban malamai, su yi ta yi masa tambayoyi, iyayensa suna zaune suna saurare.