Gero a Rumbu, Fura a Ƙwarya

Kowa a Dogon Daji ya san ba a miƙa wa baƙo damin gero a ce ya sha. Sai an sussuke, an sheƙe, an surfa, an daka da citta da kanumfari, an dafa, an kirɓa, sannan a dama da nono a ƙwarya. Haka nake ganin tarihin matanmu: rumbu cike, 'yan matanmu kuwa na kwana da ƙishirwa.

'Yar ƙanwata, mai shekara 14, kan raba dare tana karanta littattafan soyayya a waya. Wata rana na gaya mata cewa an haifi Nana Asma'u a Degel a 1793, kuma ba ta wuce shekara 11 ba lokacin da mahaifinta, Shehu Usmanu, ya yi hijira zuwa Gudu a 1804. Ta ajiye wayar ta ce, "Kawu, ashe ita ma ta taɓa zama yarinya?" Tambayar ta tsaya mini a rai.

Littafin makaranta ya ba ta shekaru, ya wuce abinsa. Bai gaya mata abin da yarinyar ta ɗauka a ka ranar tashi ba, ko allonta ya samu shiga cikin kaya, ko wa ta riƙe wa hannu da dare ya yi a daji. Wannan aikin mai ƙagaggen labari ne, shi ne mai damu. Ya zuba nono da yaji yadda ya ga dama, amma geron ya zama na gaskiya, don tsakuwa ɗaya kan sa a ture ƙwaryar duka.

Magabata sun gwada. Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa sun ɗebo daga rumbun tarihi tun shekarun 1930, sai dai jaruman maza ne. Abdoulaye Mamani na Nijar ya rubuta labarin Sarauniyar Lugu a 1980, amma da Faransanci.

Ga 'Yan Taru nan, ɗaliban Nana Asma'u mata, na jiran marubuci. Jaji, jagorarsu, da malfarta mai jan ƙyalle, tana gaba, tsofaffi da 'yan mata na biye da ita a ƙafa daga ƙauye zuwa ɗakin Nana don ɗaukar karatu. Ni da ta ƙarshen layi zan fara, wadda uwarta ta ba zumar sadaka a ɗan gora, take ta dubawa kada ta tsiyaye kafin Sakkwato.