Dokar Jihar New York A Kan Sayar Wa Yara Magungunan Rage Ƙiba Da Na Gina Jiki

Tun daga ranar 22 ga watan Afrilu na shekarar 2024 ya zama laifi a Jihar New York ta ƙasar Amurka a sayar wa wanda bai cika shekara 18 ba ƙwayoyin rage ƙiba, ko magungunan da ake cewa suna kumbura damtse da ƙara ƙarfin jiki. Gwamnar Jihar, Kathy Hochul, ita ta sa hannu a kan dokar cikin watan Oktoba na 2023, kuma Jiharta ce ta fara yin haka a duk faɗin ƙasar. Mai kantin da ya karya dokar ana iya cin tararsa har dala 500. Mun ga ya kamata mu kawo wa masu karatu wannan labari, musamman 'yan kasuwa daga cikinsu, domin kuwa a wuyan mai sayarwa aka rataya nauyin duka.

Kafin a gane dalilin dokar sai an san matsayin waɗannan kaya a can. A 1994 Majalisar Dokokin Amurka ta ware abin da suke kira kayan ƙarin abinci, watau bitamin da garin ganyaye da saiwoyi da makamantansu, ta ajiye su a sahun abinci. Shi magani ba ya shiga kasuwa sai mai yinsa ya gamsar da Hukumar Kula da Abinci da Magunguna, wadda ake kira FDA, cewa yana aiki kuma amfaninsa ya rinjayi illarsa. Su kuwa kayan ƙarin abinci ba a neman musu wannan amincewa. Kamfani ya haɗa, ya ɗura a kwalba, ya kai kanti; hukuma sai ta biyo baya in ɓarna ta bayyana.

Ta kuwa sha bayyana. A 2002 wani ɗalibin sakandare ɗan shekara 16 a Jihar Illinois, mai wasan ƙwallo, ya rasu bayan ya sha ƙwayar da aka haɗa da ganyen ephedra, wanda ke gaggauta bugun zuciya yana ɗaga jini. Jihar ta hana sayar da shi a 2003, FDA kuwa ba ta haramta shi a ƙasa baki ɗaya ba sai a 2004. A 2013 kuma aka ga mutane da yawa a tsibiran Hawai suna kwanciya da ciwon hanta, bincike ya kai ga wani maganin rage ƙiba mai suna OxyElite Pro. Wasu sai da aka yi musu dashen hanta, an kuma yi asarar rai. Har ila yau hukumar ta sha samun sinadaran steroid a ɓoye cikin kayan gina jiki, alhali ba a rubuta su a jikin kwalba ba. Likitocin yara suna da wani abin tsoro kuma, wanda masana na Jami'ar Harvard ƙarƙashin Farfesa Bryn Austin suka daɗe suna jan hankali gare shi: yarinyar da ta fara da ƙwayar rage ƙiba ta fi takwarorinta kusa da faɗawa cikin ciwon ƙin cin abinci, ciwon da kan kai ga halaka.

To, ta yaya za a san kwalbar da doka ta hana da wadda ba ta hana ba, ga shi kuwa kayan nan dubbai ne, kullum sababbi na fitowa? A nan ne aka fara yin tuntuɓe. Shirin dokar na farko ya ɗora wa Ma'aikatar Lafiya ta Jihar aikin tantance kayan, sai Gwamna ta ƙi sa hannu a ƙarshen 2022, ta ce ma'aikatar ba ta da ƙwarewar wannan aiki. Gwamnan Kalifoniya, Gavin Newsom, shi ma ya mayar da irin wannan shiri a shekarar bisa kusan wannan hujja.

Da 'yan majalisar New York suka sake zama sai suka bi wata hanya wadda, a ganinmu, ita ce hikimar dokar. Suka ce a kama ɗan kasuwa da bakinsa. Idan magana ta je kotu, alƙali zai duba abin da aka zuba a ciki, kamar creatine ko ruwan koren shayi da aka tace ko garcinia cambogia. Amma zai kuma duba abin da aka rubuta a jikin kwalba, da hoton da aka manna mata, da abin da aka faɗa a talla. Zai duba har inda mai kanti ya jera ta: in ya sa ta ƙarƙashin allon da ke cewa kayan rage ƙiba, ko ya haɗa ta kanta ɗaya da su, to shi da kansa ya ba da shaida. Wanda ya yi wa hajarsa kirari domin ta karɓu, ba shi da bakin cewa garin ganye ne kawai ranar da aka tuhume shi.

Sauran sharuɗɗan masu sauƙi ne. Mai kanti zai nemi katin shaida mai hoto, sai fa in mai saye a ido ya kai shekara 25. Mai sayarwa ta intanet kuwa tilas ya aika da kayan ta hanyar da babba zai nuna shaida ya sa hannu kafin a miƙa masa. An keɓe garin furotin da abin shansa, muddin ba a cusa musu wani sinadarin da dokar ta shafa ba.

Kamfanonin ba su yi shiru ba. Ƙungiyarsu mai suna Council for Responsible Nutrition ta kai ƙara kotun tarayya a watan Maris na 2024, tana cewa dokar ba ta fayyace kayan da take nufi ba, kuma ta taɓa 'yancin magana tunda da talla take hukunci. Alƙali ya ƙi dakatar da dokar, ta fara aiki a ranar da aka tsayar. Kukan ƙaramin mai kanti abin saurara ne, gama ba kowa ke da lauya mai karanta masa kowace kwalba ba. Amma abin da aka nema gare shi bai wuce ya tambayi shekaru ba, abin da ya riga ya saba yi wajen sayar da taba.

Wannan ba baƙon al'amari ba ne ga wanda ya karanta babin ciniki a littattafan fiƙihu. Malaman Malikiyya sun ce cinikin yaro mai wayo yana ƙulluwa, amma ba ya zama tilas sai waliyyinsa ya yarda, domin a tsare masa dukiyarsa. In an yi wannan tsantseni saboda kuɗin yaro, hantarsa da zuciyarsa sun fi cancanta.

Duk da haka kada a ɗauka an kashe maganar. Dokar ba ta gwada abin da ke cikin kwalba, ba ta kuma hana yaro ya aiki yayansa. Ɗan shekara 19 yana nan a inda dokar 1994 ta bar shi.

Mu nan abin ya fi zuwa mana ta bayan gida. Abin da 'yan matanmu da yawa ke nema shi ne ƙiba, kuma kowa ya san ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe. Galibinsu magungunan asibiti ne, irin su dexamethasone da cyproheptadine, waɗanda aka yi domin wasu cututtuka dabam. Na farkon in aka daɗe ana sha yakan kumbura fuska, ya ɗaga jini da sukari, ya raunana ƙashi. Ana samunsu a kan tebur a kasuwa da hannun masu talla a tasha, kuma da wuya a ji mai tallan ya tambayi shekarun yarinyar da ta miƙo masa kuɗi.